Akwatin Da Ke Bayan Mai Jita

Jitar lantarki, in ba a jona ta da komai ba, abar tausayi ce. Ko da iya ƙarfinka ka kaɗa ta, wanda ke ɗaki na gaba ba zai san ana yi ba, domin gangar jikinta katako ne dunƙulalle, babu kogon da zai amsa amo. Duk rugugin nan da ke cika filin wasa, da doguwar shessheƙar nan mai sa tsikar jiki ta tashi, daga wani akwati suke fitowa da aka ajiye a bayan makaɗin, inda idon 'yan kallo bai cika zuwa ba. Sunansa amfilifaya. Wanda ba ɗan hannu ba zai ɗauka aikin akwatin nan ƙara sauti ne kawai. Su kuwa makaɗa rabin kayan kiɗa suka ɗauke shi, wasu ma su ce ya fi rabi. Akwai wanda zai ara maka jitarsa ba tare da ya yi gardama ba, amma ka kai hannu kan maɓallan akwatinsa ka ga ɓacin rai.

Abin da suke nema a cikinsa shi ne amo. Waƙa daban, gwaninta da saurin yatsa daban, amo kuma daban: shi ne abin da ke sa ka ji ɗan kiɗa na sakan biyu a rediyo ka ce wannan wane ne, tun kafin ka gane wace waƙa ce. Samun amo mai kyau sana'a ce mai zaman kanta, kuma a ganina tana cikin sana'o'in kunne mafi ban sha'awa, saboda an gina ta ne a kan abin da injiniyoyi suka kira aibi.

A ƙarƙashin tsirkiyoyin jita akwai maganaɗisu da aka naɗe da wayar tagulla siririya kamar silin gashi, naɗi dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta yi karkarwa a samansa, sai 'yar wuta ta tashi a cikin wayar, wadda yawanci ko bolt 1 ba ta kai ba. Wannan 'yar wutar ce ke bin igiya ta shiga akwati, a ƙara mata ƙarfi mataki mataki har ta iya tura takardar sifika gaba da baya. Dattawa za su tuna rediyon da ake kunnawa a jira ta ɗau zafi kafin ta yi magana. Abin da ke cikinta kwalabe ne na gilas masu kama da ƙwan fitila, an zuƙe iskar cikinsu, akwai ɗan ƙarfe da ke yin ja idan wuta ta shige shi. Duniya ta daɗe da barin waɗannan kwalabe ta koma taransisto, mai arha, mara zafi, mara fashewa. Makaɗan jita suka ƙi sakin su, har yau.

Dalilin yana cikin halin kwalba idan an matsa mata. Kowace na'urar ƙara sauti tana da iyaka, kuma idan aka tura mata fiye da abin da za ta iya ɗauka, sai ta yanke kan sautin. Taransisto irin na farko yana tafiya garau har bakin iyakarsa, daga nan ya datse tsaf, sautin ya fito da tsatsa mai sukar kunne. Kwalba ba ta datsewa lokaci guda. Lanƙwasawa take yi a hankali, tana danne kan sautin kaɗan kaɗan gwargwadon yadda aka matsa. Wannan lanƙwasar tana haifar da wasu sautuka a saman na asali. Tsirkiya ta biyar a jita, in an sake ta, sau 110 take karkarwa a sakan guda. Kwalbar da aka matsa wa za ta ƙarfafa na 220, wanda shi ne sautin nan dai a murya ta sama, da na 330, wanda ke jituwa da shi. Kunne yana jin waɗannan a matsayin kauri da ɗumi. Yankewa mai kaifi kuwa tana tara na can sama da yawa, waɗanda ba sa zama lafiya da junansu, shi ya sa take gajiyar da mai sauraro.

Babu injiniyan da ya nufi haka. Leo Fender, wanda ya fara da shagon gyaran rediyo a Fullerton ta jihar Kalifoniya, bai ma iya kaɗa jita ba, kuma burinsa akwati mai fitar da sauti tas, mai ƙarfi, irin wanda makaɗan ƙauyen Amurka ke so. Kaushin da ke shigowa idan an ƙure maɓalli, a wurinsa matsala ce da za a magance. Makaɗa ne suka ji zaƙi a cikin matsalar.

A watan Maris na 1951 ƙungiyar Ike Turner ta taso daga Clarksdale ta jihar Misisipi zuwa Memphis don ɗaukar waƙa a situdiyon Sam Phillips. A hanya akwatin mai jitarsu, Willie Kizart, ya lalace, takardar sifikar ta samu rauni. Aka cusa takardu a ciki don ta tsaya, aka kunna, sai ga wani gurnani da ba a saba ji a faifai ba. Phillips ya ce a bar shi haka. Gaba ta kai su, gobarar Titi: waƙar, Rocket 88, ta zama ɗaya daga cikin waɗanda ake cewa da su kiɗan rok ya fara. Daga nan sai mutane suka koma lalata sifika da gangan. Link Wray ya huda tasa da fensir don kiɗan Rumble na 1958, kiɗan da wasu gidajen rediyo suka hana sawa duk da babu ko kalma ɗaya a cikinsa. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar Kinks, yana ɗan shekara 17, ya sa reza ya tsaga sifikar wani ɗan koren akwati ƙirar Elpico, ya samu amon You Really Got Me.

Turawa sun yi ta mamakin yadda kunne zai so sautin da ba tsaftatacce ba. Bahaushe bai kamata ya yi wannan mamakin ba. Mai garaya ko molo da ke maƙala ceba a kan sandar abin kiɗansa, ɗan ƙarfen nan mai ƙananan zobba, da gangan yake ƙara wa tsirkiya zuza, don ya san amon da ya fito sumul ba ya cika wuri kuma ba ya ratsa taro. Abu ɗaya suke bi da mai reza.

Akwatin da ya zama kakan mafi yawan na yau ma ba don jita aka ƙera shi ba. Fender ya fitar da Bassman a 1952 don babbar jitar nan mai kaurin murya, wato bes. Samfurin ƙarshen shekarun 1950, mai sifika huɗu 'yan inci 10 da rigar yadi mai ruwan ƙasa, sai ya fi dacewa da masu ƙaramar jita, musamman makaɗan bulus na Chicago irin su Buddy Guy. A Landan kuwa kayan Amurka tsada gare su. Jim Marshall, makaɗin ganga ne mai koyar da yara kuma mai shago a unguwar Hanwell, samarin da ke zuwa shagonsa suka dame shi da cewa suna son akwati mai ƙarfi da za su iya saye. Shi da Ken Bran da Dudley Craven suka buɗe Bassman suka kwaikwayi tsarinsa kusan waya da waya, suka fitar da JTM45 a 1962. Sai dai da kayan da hannunsu ya kai gare su suka haɗa: taransifoma daban, kwalbar farko mai ƙarin ƙarfi, sifikun Celestion 'yan inci 12 guda huɗu a cikin akwati rufaffen baya. Zane ɗaya, amma murya ta fito daban, mai saurin tunzura, mai kaurin tsakiya. Pete Townshend na ƙungiyar Who ya ce bai ishe shi ba, aka yi masa na wat 100 a 1965, da akwatin sifika takwas. Masu dako suka kasa ɗauka, aka raba shi biyu aka ɗora ɗaya kan ɗaya. Wannan ginin ne Jimi Hendrix ya tsaya a gabansa bayan ya iso Landan a watan Satumba na 1966.

A shekarar ce kuma Eric Clapton, yana da shekara 21, ya shiga situdiyon Decca tare da John Mayall, ɗauke da jita ƙirar Les Paul da wani Marshall mai sifika biyu. Al'adar situdiyo a lokacin ita ce makaɗi ya rage ƙara don allurar na'ura kada ta shiga ja. Clapton ya ƙi. Ya dage sai an bar shi ya kunna yadda yake kunnawa a gaban jama'a, domin amon da yake so ba ya fitowa sai akwatin ya sha wuya. Injiniyan, Gus Dudgeon, ya haƙura ya nemi dabarar ɗauka a haka. Faifan Blues Breakers da ya fito daga wannan taurin kai, har yau da shi ake gwada amon jita.

Na uku a gidan shi ne Vox AC30, wanda Dick Denney ya tsara wa kamfanin Tom Jennings a Dartford a ƙarshen shekarun 1950. Muryarsa tana da ƙyalli kamar ƙararrawa, kuma yana fara kaushi tun kafin a ƙure shi. Shi ne amon ƙungiyar Shadows da na Beatles a farkonsu. Brian May na Queen ya riƙe shi tsawon rayuwar kiɗansa, da jitar da shi da mahaifinsa suka sassaƙa a gida, wuyanta daga tsohon katakon murhu. Kuma ba da ɗan roban da kowa ke kaɗawa yake kaɗawa ba. Da sisi yake yi, sisin Ingila na da, saboda zanen gefen kuɗin yana ɗan karce tsirkiya ya ba shi wani ƙaiƙayi da roba ba ta bayarwa.

To amma sayen ɗaya daga cikin waɗannan ba shi ne samun amo ba. Gwanintar tana wurin da ake tsayar da akwatin.

Tsakanin sauti garau da cikakken gurnani akwai wata 'yar gaɓa siririya. Gwani yana murɗa maɓalli har ya kai akwatin daidai bakin wannan gaɓar, ya tsaya. A nan, in ya shafi tsirkiya a hankali sautin zai fito wasai, in ya ɗan ƙara nauyin hannu sai gefensa ya fara gashi, in ya doke ta sai akwatin ya yi ruri. Bai taɓa maɓalli ba, bai taka komai ba, amma muryoyi uku ko huɗu suna ƙarƙashin yatsunsa. Cikin jimla guda ta kiɗa zai iya farawa da raɗa ya ƙare da tsawa. Wanda ya ƙure maɓallin kaushi gaba ɗaya ya rasa wannan, domin ko ya shafa ko ya doka, abu ɗaya zai fito. Shi ya sa sababbin shiga ke son ƙurewa: yana rufe musu asiri, yatsan da ya zame ba a ji. A bakin gaɓa kuwa babu maɓoya. Akwatin yana faɗin gaskiyar hannunka, mai daɗi da mara daɗi.

Sai kuma ɗan maɓallin ƙara da ke jikin jitar kanta, wanda da yawa ke barinsa a 10 su manta da shi. A hannun gwani shi ne linzami. Zai saita akwatin ya yi zafi, sannan ya ja maɓallin jitar baya zuwa 6 ko 7, sautin ya wanke ya koma garau don raka mawaƙi. Idan lokacinsa ya zo, da ɗan ƙaramin yatsa zai tura shi gaba ba tare da ya daina kiɗa ba. Duk wanda ya kalli Jeff Beck da kyau zai ga hannunsa na dama ba ya hutawa: babban yatsa na fizgar tsirkiya, sauran suna kan ƙarfen lanƙwasa sauti, ƙaramin yana kewaye da maɓalli. Hendrix ma da haka yake sauka daga tsawa zuwa taushi da Marshall ɗaya.

Akwai wani hali kuma da mai sauraro ba ya gane shi sosai, amma makaɗi a hannunsa yake jinsa. A tsofaffin akwatuna, wutar da ke ciyar da manyan kwalaben ita ma ta cikin wata kwalba take biyowa. Idan an doki tsirkiya da ƙarfi, akwatin yana neman wuta fiye da yadda za a iya ba shi nan take, sai ƙarfinsa ya ɗan lotsa na ƙiftawar ido, sannan ya farfaɗo. Sakamakon shi ne kan sautin ya yi laushi, jikinsa kuma ya kumbura daga baya maimakon ya mutu. Ta fuskar lissafin lantarki wannan rauni ne. Makaɗan bulus kuwa saboda shi suke biyan kuɗi, don yana sa tsirkiya ta yi kamar tana numfashi. Eddie Van Halen ya samu wani abu mai kama da haka ta wata hanya: ya sa na'urar rage ƙarfin wutar da ke shiga Marshall ɗinsa, ya ƙure maɓallan, ya fito da amon faifansu na farko na 1978.

Idan ƙarar ta kai wani matsayi, iskar da sifika ke turawa tana dawowa ta girgiza tsirkiya, tsirkiyar ta sake aika wa akwatin, abin ya zama zagaye. A hannun wanda bai iya ba, wannan shi ne ƙarar nan mai tsinin da ke sa jama'a toshe kunne. Gwani kuwa yana amfani da ita ya riƙe sauti guda muddin ya ga dama, ta hanyar matsowa ko juya jiki kaɗan. Carlos Santana yakan zagaya dandamali kafin wasa, yana neman wuraren da kowane sauti ke kamawa, a sa masa alama a ƙasa. Ke nan inda makaɗi ya sa ƙafarsa ma yana cikin amon.

Duk wannan yana da sharaɗi mai tsada, wato ƙara. Marshall mai wat 100 ba ya isa gaɓarsa sai ya kai ƙarar da ke lahanta kunne, kuma makaɗa da dama na wancan zamani sun biya da jinsu, Townshend na cikinsu. Nan ne lissafin wat ke yaudarar mai saye. Ninka ƙarfin akwati sau biyu ɗan ƙari kaɗan yake yi a kunne. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai ƙarfi ya ninka kusan sau goma. Ma'ana, na wat 100 kusan ninki biyu kawai ya fi na wat 10 ƙara. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Shi ya sa manyan amo da yawa da ke faifai daga ƙananan akwatuna suka fito. Waƙar Layla ta Clapton ta 1970, wadda za ka rantse bango guda na sifiku ne, da ƙananan Fender aka ɗauke ta a Miami, ciki har da Champ mai kimanin wat 5. Jimmy Page ya yi faifan Led Zeppelin na farko da ɗan ƙaramin Supro. Neil Young ya shafe shekaru da dama yana cika manyan filaye da wani tsohon Fender Deluxe na 1959, an sa masa makirfo a gaba, har aka ƙera masa wata na'ura da ke zaune a kan akwatin tana murɗa maɓallan idan ya taka da ƙafa, don kada a taɓa cikin akwatin a ɓata shi. Deluxe Reverb mai wat 22 shi ne abokin aikin makaɗan situdiyo saboda wannan dalilin, yayin da yayansa Twin Reverb mai wat 85 yake zama garau har sai kunnenka ya gaji kafin nasa.

Ita sifikar ma ba 'yar rakiya ba ce. Sifikar jita ba ta iya fitar da sautin da ya wuce karkarwa 5,000 ko 6,000 a sakan, kuma wannan gazawar ce ke tace tsatsar da ke saman kaushi. Jona akwatin jita da sifikar zamani mai fitar da komai ka ji yadda zai koma kamar ƙudan zuma a gwangwani. Akwati buɗaɗɗen baya yana watsa sauti cikin ɗaki, rufaffe kuma yana harba shi gaba da naushi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne saita amo a ɗaki kai kaɗai. A can, rage tsakiya da ƙara ƙasa da sama yana da daɗi, sauti ya yi faɗi. Da an hau dandamali sai jitar ta ɓace, domin ƙasan na mai bes ne da babbar ganga, saman kuma na faranten ƙarfen mai ganga ne. Gonar jita ita ce tsakiya, kusa da inda muryar ɗan Adam take. Amon da ya zauna daram cikin ƙungiya, in ka ware shi ka saurara shi kaɗai, sau da yawa za ka ji shi siriri, har da ɗan hanci. Gwani ya san wannan, kuma ya yarda ya rage wa kansa don waƙar ta samu. Ni a wurina nan ake gane wanda ya balaga a sana'ar.

Makaɗa suna da wata tsohuwar gardama: a kaya amo yake, ko a hannu? Van Halen ya taɓa ba da labarin yadda Ted Nugent ya zo wurin gwajin sauti yana zaton akwai wata ɓoyayyiyar na'ura a kayansa. Ya ba shi jitar da akwatin yadda suke, Nugent ya kaɗa, sai ga amon Nugent. B.B. King, wanda girgizar yatsansa guda ta isa a gane shi, ya yi shekaru yana kiɗa da Lab Series L5, akwatin taransisto ne da ba ko kwalba ɗaya a cikinsa. Masu bautar kwalba ba su cika son a tuna musu wannan ba. Haka Roland JC-120 da Japan ta fitar a 1975: taransisto ne, sautinsa garau kamar ruwan sama, ba ya laushi, ba ya gurnani, ga shi da jure wahala, kuma yana da masoyansa har gobe.

Wanda ke son ganin inda hannu ya rinjayi kaya, ya duba Agadas. A can jitar lantarki ta zama kiɗan biki, ƙungiyoyi irin su Etran de L'Aïr suna kafa kaya a fili, ga ƙura, ga zafi, ga janareto. Babu mai zancen kwalbar 1959. Ƙaramin akwatin taransisto ne da aka samu, a ƙure shi don ya rinjayi ganga da guɗa, ya yi kaushin da littattafan Turawa za su kira mara kyau. Amma makaɗan Abzinawa sun gina salo a kansa: tsirkiya guda tana riƙe da gindin kiɗan ba ta tsayawa, yatsun hagu suna ta bugun ƙananan sautuka a jere cikin sauri, kaifin akwatin kuma yana fito da kowane ɗaya fili. Faifan Group Inerane da na Bombino da suka fita waje a 2007 da 2009 da wannan amon suka kama kunnen duniya. Mdou Moctar, bahago, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke kuma ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, da yatsa yake kaɗawa ba da roba ba. Yanzu yana hawa manyan dandamali da kaya masu tsada, ya kuma yi kiɗa da JC-120, amma wanda ya san tsofaffin waƙoƙinsa da aka riƙa turawa waya zuwa waya zai gane hannun nan take.

Ban ce kaya banza ba ne. Hannu shi ke magana, amma akwai akwatin da ke saurare da wanda ba ya saurare, kuma makaɗi yana sauya yadda yake taɓa tsirkiya gwargwadon amsar da yake samu. Howard Alexander Dumble, wanda ya rasu a Janairun 2022, a kan wannan ya gina sunansa. Akwatuna kusan 300 kawai ya ƙera a rayuwarsa, kowanne da hannunsa, kuma yakan saurari makaɗi tukuna ya daidaita akwatin da taɓawarsa, kamar yadda ya yi wa Robben Ford da Larry Carlton da Stevie Ray Vaughan. Yakan kuma zuba danƙo a kan wayoyin ciki don kada a kwafa. Yau akwai na Dumble da farashinsu ya haura dala 100,000. Abin dariyar shi ne mai sayen yana biyan wannan kuɗi ne don akwatin da aka ɗinka daidai hannun wani.

Kwalba kuma tana da wahalarta. Nauyi gare ta, tana ƙonewa, kuma a cikin akwatin akwai wutar bolt 400 zuwa 500 da ke iya zama a maƙale ko bayan an cire filogi, don haka buɗe shi aikin mai gyara ne. Masana'antun da suka rage suna yin ta 'yan kaɗan ne, a Saratov ta Rasha, da Sulobakiya, da Sin, shi ya sa farashinta ya yi tashin gwauron zabi a 2022 da yaƙin Yukiren ya ɓarke. Kwamfuta ta shigo ta wannan ƙofar. Tun daga POD na kamfanin Line 6 a 1998 zuwa Kemper na Jamus a 2011, wanda ke sauraron akwati na gaske ya kwafi halinsa, na'urorin sun yi nisa har 'yan ƙungiyar Metallica suka koma yawon duniya da irinsu. Gaskiya ita ce a cikin waƙar da aka gama haɗawa, ƙalilan ne za su iya bambancewa, kuma yaron da ke Kano ko Zinder yau yana iya jin ɗanɗanon AC30 a kan kuɗin da bai kai na jigilar na gasken ba. Wannan alheri ne.

Sai dai na'ura tana kwafar abin da aka tsayar aka auna, amo kuwa ya haɗa har da ɗaki da makirfo da ranar. Matsar da makirfo inci guda daga tsakiyar sifika zuwa gefenta yana sauya sauti fiye da murɗa maɓalli. Lokacin da Mark Knopfler na Dire Straits ke neman amon Money for Nothing, don faifan da ya fito a 1985, so yake ya samu irin na Billy Gibbons na ZZ Top, har ya tambaye shi sirrin, Gibbons bai faɗa masa komai ba. Suna situdiyon AIR a tsibirin Montserrat, injiniya Neil Dorfsman bai gama jera makirfo ba, ɗaya na kallon ƙasa, wani ya kauce daga bakin sifikar. Knopfler ya fara kaɗa Les Paul da yatsunsa ta cikin wani akwati ƙirar Laney, sai mai kula da jitocinsa ya ji abin da ke fitowa a ɗakin sauraro, ya ce kada kowa ya taɓa komai. Aka ɗauka a haka. Daga baya a New York suka sake haɗa jitar da akwatin da irin makirfon don su maimaita, abin ya ƙi. Na Montserrat ɗin ne ke kan faifan.